Gwanar Iyo ta Kan Tabarma

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Anti Rabi, mai horar da ƙungiyar iyo ta mata a Dutsin-Ma, ta tambaye ni ko na iya ruwa. Gurbi ɗaya ya rage cikin masu zuwa gasa, ni kuwa na ƙwallafa rai. Na ce na iya, don na karance littafin iyo tsaf, kowane salo na gwada shi a kan tabarmarmu a Kurfi.

Ina faɗawa ruwan, karatu ya gudu. Na shaƙa, na kama salati, ina ihu, "Anti, ku cece ni!" Ba wadda ta motsa.

Har yau in sun gan ni sai sun maimaita amsarta: "Ke 'yar nan, miƙe tsaye mana. Iya ƙugu ne."