Yadda Za Ka Gano Kuskuren Bugu a Sulallan Gwangwanin Mahaifiyarka

Ka ji ana cewa sile ɗaya da aka yi kuskure wajen buga shi yana iya sayen mota, shi ne zuciyarka ta tashi? Madalla, ka zo wurin da ya dace. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin kafin sati ka zama gwani. Mijin ƙanwata, wani tela da muke kira Farfesa, su ya bi, ga shi yau ko sallama ya yi sai an ƙunshe dariya.

1. Nemi kayan aiki

Sayi gilashin ƙara girman abu da farar safar hannu. Ba sai ka iya amfani da su ba, rataya gilashin a wuya kawai. Farfesa da shi yake zuwa shago, da shi yake zura zare a allura, har masu kawo ɗinki suka fara gaishe shi da ladabi.

2. Samo sulalla a gida

Kada ka saya, wauta ce. Kowace tsohuwa tana da gwangwanin da take ɓoyewa a ƙasan akwati. Farfesa ya je wurin mahaifiyarsa, ya durƙusa, ya yi gaisuwar da rabonsa da irinta tun aurensa. Inna ta ce kayan marigayi babansu ne, tsohon kafinta, ba na wasa ba ne. Ya rantse dubawa kawai zai yi. Ta miƙa masa, ta ce ya dawo mata da shi yadda ya karɓa, ko ɗaya kada ya yi ciwon kai. Kai ma ka rantse, rantsuwa ba ta da nauyi a aljihu.

3. Haddace kalmomi uku

Bugu biyu, wato rubutu ya fito da inuwa. Karkace, wato hoto ya gudu gefe. Guntule, wato bakin sile ya gutsure tun daga injin. Shi ke nan ilimin. Duk abin da ka gani, tsatsa ce, lotsawa ce, tayar mota ce ta bi ta kai, laƙaba masa ɗaya daga cikinsu. Masana na gaskiya suna bambanta kuskuren gidan buga kuɗi da wahalar da sile ya sha a hannun mutane. Ƙyale su, ba su da aikin yi ne.

4. Juya sile ka yi ihu

Farfesa ya juya wani sile ya ga bayansa a kife. Ya kira matarsa da ƙarfi, ya ce ta fara zaɓar kalar mota. Ƙanwata baiwar Allah ta ɗauki wasu biyar irinsa ta juya, duk a kife. Haka ake buga su tun asali. Ya ce mata ashe shida ne motocin.

5. Nemi abin da babu a littafi

A nan ake gane mai rabo. Can ƙasan gwangwanin, ƙunshe a tsumma, ya sami sulalla huɗu, kowanne da ɗan ɗigo kusa da shekarar bugu. Na farko ɗigo ɗaya, na biyu biyu, har zuwa huɗu. Ya duba waya, babu wanda ya taɓa ambatar irinsu a duniya. Mai hankali sai ya tsaya ya yi tunani, amma kai ba wannan ya kawo ka ba. Farfesa ya rufe shago kwana uku, ɗinkin mutane na jibge, yana bin abokai yana nuna musu da safar hannu.

6. Je wurin dillali da girman kai

Dillalin tsofaffin kuɗi ko gilashi bai ɗauka ba. Ya shafa ɗigon da babban yatsa, ya ce ƙarfen ya tashi a gefen ramin, aikin ƙusa da guduma ne, wani ne ya lalata su da hannu. Mutanen da ke zaune a benci suka tuntsire da dariya. Kunya ta kama Farfesa, haushi ya biyo baya. Ya watsa sulallan huɗu cikin bokitin tarkacen da dillali ke tara wa masu narka ƙarfe, ya ce a riƙe tsiyar, ya fice yana tsaki. Yi haka kai ma, mutuncinka a gaban 'yan benci shi ne gaba da komai.

7. Mayar da gwangwani, ka yi fuskar salihai

Sai bayan kwana uku Farfesa ya mayar da gwangwanin. Inna ba ta dubi sauran ba. Hannu ta zura har ƙasa tana laluben tsumman, ta sake lalubawa.

"Ina masu ɗigon?"

Ya ce ai waɗannan lalatattu ne, masana sun tabbatar.

"Babanku ne ya ɗiga su. Duk ranar da na haihu sai ya nemo sabon sile na shekarar, ya sa ƙusa. Mai uku naka ne. Mai huɗu na ƙanwarka ne da ba ta yi wata biyu a duniya ba. Ko hotonta ba ni da shi."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a ƙofar ɗaki don gudu. Dillali ya nuna masa bokitin, wayam, tun shekaranjiya aka zo da mota aka kwashe. Ya dawo ya samu ta rufe gwangwanin ta mayar ƙasan akwati. Ta tambaye shi lafiyar matarsa, ta ce ya gaida gida.

Gargaɗi

Ni dai dabarar duba ƙarfe na koya maka. Idan ka bi ta ka wayi gari ba ka iya haɗa ido da mahaifiyarka, babu hannuna, babu ƙafata, kada ka zo min shago. Farfesa ma bai zo ba. Wata na huɗu ke nan yana bin wuraren masu narka ƙarfe yana tona buhuna, kuma Inna ba ta sake tambayarsa ba.