Man Gyaɗa a Ƙafar Babur

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na mayar da babur ɗin malamin gona kaskon suya ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina gyaran keke a bakin kasuwar Malumfashi, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro ƙarfe.

Malam Garba, malamin gonar, ya yi gardama da wani malamin asibiti daga Funtua a kan babur ɗin wa ya fi gudu. Suka sa ranar tsere: daga kasuwa zuwa wata kuka a hanyar Dayi, a dawo, ta turbar jakai masu dakon auduga, inda babu komai sai rami da gargada. Malam Garba ya turo mini babur, wai ƙafar gaba, wato sandunan da ke riƙe da tayar, ta yi laushi, duk ramin da ya faɗa sai haƙoransa sun haɗu.

"Ka iya kuwa, Malam? Ko in kai Zariya?"

"Haba ranka ya daɗe! Ina raye za a kai Zariya?"

(Ban taɓa kwance babur ba. Ni dai burina a daina ce mini mai faci, a fara cewa makanike.)

Na kwance ƙafar, na sa washa, ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, don ya ƙara tauri. Wannan kam daidai ne, har gobe ina alfahari da shi. Sai na tarar man da ke ciki ya tsiyaye, ni kuwa ba ni da irinsa. Na ce ai mai duk mai ne. Na lallaɓa gida na kwaso man gyaɗar matata Hajara, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, na ɗura har baki. Na danna, ya dawo a hankali, luf. Daɗi ya kama ni.

Ranar tsere rabin gari ya fito. Malam Garba ya wuce gaba kamar kibiya, ni kuma ina bin mutane ɗaya-ɗaya ina cewa, "Aikina ne."

Da suka juyo, malamin asibiti ne a gaba. Can baya ga mutumina cikin hayaƙi, babur na tsalle kamar jakin da ya ƙi kaya. Ashe cikawar ta yi yawa, robar bakin ta fashe, mai na feshi a kan inji mai zafi. Ƙamshin ya riga shi isowa. Wata tsohuwa ta ɗaga hanci ta ce, "Wa ke suyar ƙosai da rana tsaka?"

Ya sauko, farar rigarsa sharkaf. Ya dangwali ƙafar babur da yatsa, ya lasa, ya dube ni a gaban kowa.

"Makanike, gishiri kawai ka manta."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Dariya har da masu riƙe ciki, shi ma daga baya ya taya su. A gida kuma Hajara na jirana da kwalbarta, babu ko ɗigo.

Sunan dai na samu: Makanike Mai Ƙosai, har jikokina sun san shi. Na koma kan kekena, kuma ya ci da ni cikin rufin asiri. Tun ranar, duk wanda ya kawo abin da ya fi ƙarfina, kafin ya rufe baki nake cewa, "Ranka ya daɗe, kai Zariya."