Kilishin da Ya Kai Mu Sararin Samaniya

Ba zan taɓa mantawa da lokacin sanyin shekarar da Faransa ta tura mace ta farko sararin samaniya ba. Ita ta je ta dawo lafiya. Ni da ban bar doron ƙasa ba, ni na dawo da tabo.

A lokacin ina dako a wani babban sito a garin Vénissieux na ƙasar Faransa, ranar Asabar kuma ina zuwa ajin manya koyon karatu. Na fi kowa furfura, na fi kowa jinkirin gane baƙi, amma na fi kowa haƙuri, shi ya sa duk ajin ke ce mini Baba. Har malamarmu, wata Bafaranshiya da muke kira Madam, takan ce a yi koyi da natsuwata. (Ku riƙe wannan.)

Matata Rabi na da ciki, ba abin da ranta ke so sai kilishi irin na gida. Ta yi kuka, na yi alkawari. Na sayo cinyar sa, na fere ta siriri, na dama labu da citta da kanumfari. Sai rana ta ƙi fitowa. Gidanmu na unguwar Minguettes kuwa ɗuminsa daga daɓe yake tasowa, ba inda za ka shanya nama sai ƙasa. Nan na tuna da na'urar ɗumama ɗaki mai lantarki da ke bayan kujerata a aji.

Da Asabar ta zo, na riga kowa zuwa. Na naɗe naman a jarida, na shimfiɗa a kan na'urar, na rufa rigar sanyina a kai. Na zauna kamar waliyyi.

Ranar Madam ta zo da labarin 'yan sama jannati. Ta ce idan suka fita wajen kumbo suka dawo, sukan ji wani wari a jikin kayansu, kamar na ƙarfen da ake wa walda, ko naman da ya ƙone. Wasu masana sun ce ƙurar taurarin da suka ƙone suka mutu ce. Wasu sun ce wata irin iska ce ke manne wa kayan, idan ta haɗu da iskar cikin kumbon sai ta ba da wari. Daga nan ta ce sanyi ya yi yawa, ta murɗa na'urar har ƙarshe.

"Ku rufe ido," in ji ta, "ku ɗauka kuna can. Me kuke ji?"

Muka rufe. Wata dattijuwa 'yar Maroko ta ja hanci. "Madam, wallahi ina ji!"

"Ni ma!" in ji wani.

Madam ta ji daɗi, ta ce wannan shi ne ƙarfin tunani. Can ita ma ta ja hanci, murmushin ya ragu.

Mai hankali da ya tashi ya janye kayansa. Amma ni Baba ne, ta yaya zan zaro nama a gaban yara? Sai na ɗaga hannu, ni da ban taɓa ɗagawa ba. Na miƙe na tsaya daidai inda zan kare na'urar da jikina, na ce da Faransancina mai ɗingishi ina goyon bayan masu cewa taurari ne. Na ce tunda ƙura ce, dole ta riƙa saukowa, kuma taga a buɗe take. (A rufe take.) Na ce ko a garinmu mukan ji haka.

Isuhu, mutumin Tahoua da ke zaune kusa da ni, ya jawo mini wando, ya ce da Hausa, "Baba, taurarin garinku da citta da kanumfari ake gasa su?"

"Yi shiru, ɗan nan."

"To ka juya, kumbonka ya kama wuta."

Ƙararrawar gobara ta ɗauka. Aka kwashe mu waje cikin sanyi, har da ajin masu ɗinki na sama. Wani ɗan kwana-kwana ya fito riƙe da abin da ya rage na rigata, ya ɗaga wani baƙin faifai yana tambayar na wane ne. Duk ajin suka nuna ni, har da dattijuwar. Madam ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Baba, yau mun samu dalili na uku."

Na isa gida ina rawar ɗari. Rabi ta shinshina ni tun daga bakin ƙofa, fuskarta ta washe. "Maigida, ƙamshin ya iso, ina kilishin?" Na ce yana sararin samaniya. Ranar a falo na kwana.

Abin da na koya shi ne, in kayanka na ƙonewa, ba lokacin bayanin taurari ba ne. Asarar kuwa ga ta: cinyar sa ɗaya, rigar sanyi ɗaya, na'urar makaranta ɗaya, da sunan Baba, don har na gama ajin nan Kosmonot ake kirana, wato ɗan sama jannati.