Yadda Za Ka Gano Ciwon Sensar Zafi a Keke Mai Caji Ko da Ba Ka San Komai Ba

Kai bakanike, ka tsufa kana tsotsar fetur a kafireto, kwatsam aka turo maka adaidaita mai caji? Kada gabanka ya faɗi. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, ba mai gane ba ka taɓa buɗe irinta ba. Na gwada su a adaidaitar Khalilu, wanda ya sayar da san nomansa ya saye ta.

1. Tarbe shi da fuskar likita

Mai adaidaitar zai zo ranar kasuwar Ɗambatta, kwandunan tumatir maƙil a baya, yana cewa, "Oga, jar fitila ta kama, wai inji ya yi zafi, sai rarrafe take." Girgiza kai ka ce, "Na san za a rina." Kada ka nemi fulogi. Babu shi, na duba.

2. Sha furarka

Gwani ba ya gaggawa. Bar keken a inuwar darbejiya, tumatir ya jira.

3. Gwajin yawu

Tofa wa injin yawu kamar dutsen guga. Idan bai ce cuu ba, sanar da jama'a cewa sensa, wato 'yar na'urar da ke jin zafin, ƙarya take. Kada ka tuna injin ya huce ne lokacin da kake shan fura. Mitar gwaji kuwa ta masu raunin imani ce.

4. Rufe bakin mai tsegumi

Zare wayoyin sensar, murɗe su tare, naɗe da salatif. Fitila ta mutu, ciwo ya warke. Dama mai faɗar gaskiya ba ya daɗewa a gari.

5. Sallame shi

Ce masa, "Taka ta son ranka, har ƙarin kwando za ta ɗauka."

6. Idan ya dawo a ƙasa

Zai dawo yana warin ƙonanniyar waya, ido ja, tumatir ya zama miya a gefen titi. Riga shi ɓata rai: "Kayan zamani ba sa jure ranarmu."

Sanarwa: marubucin nan ba shi da hannu a duk hayaƙin da ya tashi, kuma ya koma facin taya a Bici. Mai ƙorafi ya bi bayan Khalilu, ya riga shi layi. Na ji daminar nan ta sauka, garmar Khalilu na jingine a zaure, san ne dai babu.