Ɗan Ruwan Injiniya Mosko

Daga Kudan har Ikara babu wanda ya san duniya kamar Zakiyyu. Ƙungiyar manoma ce ta tura shi Rasha kallon injinan noma, ya dawo ko tuwo aka ajiye masa sai ya tambayi sunansa. Hular gashi yake sawa a tsakiyar bazara, gumi na tsiyaya, yana cewa jikinsa ya saba da ƙanƙara. Aka laƙaba masa Injiniya Mosko. Ya karɓa hannu biyu, har ya rubuta a bayan motarsa.

Da zaɓen shugaban ƙungiya ya zo, ya tsaya takara da Ɗan'azumi, wani manomin rake daga Maƙarfi wanda ko Legas bai taɓa zuwa ba.

Ranar zaɓe Injiniya ya miƙe gaban jama'a, ya zaro wata kwalba fara tas.

"'Yan'uwa, har yau a buhu kuke sayar da hatsi. Can kuwa alkama suke niƙawa, su dama, su zuba yis ta tashi. Sai su dafa, su kama tururin, su sake dafawa, su tace da gawayi, su sirka da ruwan marmaro. Tun zamanin sarakunansu ake yi. Sunansa bodka, tafinta ya ce mini ma'anarsa ɗan ruwa. Ruwa ne da aka wanke. Ku zaɓe ni, Kudan ta fara yin irinsa."

Liman ya gyara zama. "Injiniya, ka taɓa sha?"

"Allah gafarta Malam, don wannan rana na ajiye shi."

Ya cika kofi, ya yi bisimilla, ya shanye. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Haka tsabta take," in ji shi yana tari, "ƙona baƙauye take yi." Ya ƙara wani kofin.

Kafin la'asar Injiniya ya rungume Ɗan'azumi yana kuka, ya kira Liman abokina, ya tare wata akuya yana yi mata jawabi da Rashanci. Warin giya ya kai sahun baya. Dattawa suka ja tabarmarsu gefe suna istigfari.

Ɗan'azumi ya lashe zaɓe. Injiniya ko ƙuri'a ɗaya bai samu ba. Tasa ma ba ta shiga akwati ba, don lokacin jefawa yana ƙarƙashin tebur yana minshari.

Washegari ya farka da ciwon kai, ya sanar da duniya cewa maguɗi aka yi masa.