Ranar da Na Ce a Zare Wayar

Ba zan taɓa mantawa da yinin da muka kai akwatin burtsatse wani ƙauye bayan Bungudu ba. Har yanzu in na ji ƙarar ruwa yana zuba daga sama, sai gabana ya faɗi.

Ni dai ban yi karatu mai nisa ba, ba na ɓoyewa. Da gyaran rediyo na fara a Gusau, na koma gyaran waya, har Madam Rahila ta ɗauke ni a ɗan kamfaninta. Injiniya ce, aikinta haɗa akwatunan da ke kunna famfon sola su kashe shi in tanki ya cika. Ita ta zaunar da ni ta koya mini karanta rubutun manhaja, ina da furfura ina haddar baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Da na fara ganewa kuwa, kaina ya kumbura (wannan ciwon ba ya duba shekaru).

A cikin akwatin akwai ƙaramar kwamfuta, a can ƙasan manhajarta akwai abin da ake kira kanel, shi ke riƙe da komai. Na'urar auna ruwan tanki tana da ɗan gurbinta a memori, wato ma'ajiyar kwamfutar, kuma gurbin yana da lambar masu riƙe da shi. Wanda ya kama, a ƙara ɗaya. Wanda ya saki, a rage ɗaya. In lambar ta koma sifili, kanel ya share gurbin, don a ganinsa ba mai buƙata. Madam ta yi mini wannan bayani, na ce na gane. Ban gane ba.

Ana jibi tafiya ta ce in goge layukan gwaji da suka cika allon kwamfuta da surutu. Su kaɗai. Ina cikin gogewa sai na ga layin ƙara ɗaya a wuri biyu: ɗaya inda ake jona wayar na'urar, ɗaya inda manhajar famfo ke buɗe ta. Na ce a raina, Madam ma tana mantuwa, ta rubuta abu sau biyu. Ni kuma ba na son almubazzaranci ko a rubutu ne. Na goge na biyun. Na kunna, komai ya tafi lafiya lau. Ban faɗa mata ba, ina jiran ranar da zan ambata cikin hira don ta san da wa take aiki.

Ranar miƙa aiki an shimfiɗa tabarmi a inuwar tanki. Ga mai gari, ga Alhajin da ya ɗauki nauyin burtsatsen, ga Fulani sun tsaya gefe da shanunsu. A mota Madam ta riga ta gaya mini cewa in wannan ya yi kyau, Alhaji zai ba mu aikin Tsafe da na Mada. In bai yi ba, ba za ta iya ci gaba da riƙe mu duka ba. Na san wanda za a fara sallama, ba sai an yi mini duba ba.

Famfo yana aiki, kowa yana murna, sai wani dattijo Bafulatani ya nuna wayar na'urar auna ruwan da sandarsa.

"Malam, in akuya ta ja wagga igiya, mi za ya faru?"

Madam ta buɗe baki, na riga ta.

"Baba, ko raƙumi ya ja ba abin da zai faru. Famfo zai tsaya da kansa, in an mayar ya ci gaba. Zare ka gani."

"In zare?"

"Zare mana! Ai mu muka haɗa shi."

Ya zare. Fitilar akwatin ta daskare. Allon Madam ya cika da rubutu ya tsaya cik. Na karɓi wayar na mayar, shiru. Na sake zarewa na hura bakinta (ɗabi'ar gyaran rediyo ba ta barin mutum), na mayar. Shiru dai.

Madam ta durƙusa tana karanta allon, leɓenta yana motsi. Alhaji ya daina murmushi. Ni kuwa na fara tuna layin nan da na goge. Da aka zare waya an rage ɗaya, lambar ta koma sifili, kanel ya share gurbin, alhali manhajar famfo tana riƙe da shi ba a ƙidaya ta ba. Ta miƙa hannu wurin da babu komai, akwatin duka ya sume. Kamar a ɗauke tsani mutum yana kan rufi.

"Malam Sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ina layin da ke nan?"

"Wane layi, Madam?"

"Kada ka sa in tambaya sau biyu."

"Ai... sau biyu na ga an rubuta shi."

Ta ɗago ta dube ni. A lokacin ne na lura famfo bai tsaya ba. Akwatin ya mutu ya bar shi a kunne, tanki kuma dama saura kaɗan.

Ruwan ya sauko a kan rawanin mai gari. Alhaji ya zabura yana salati, babbar rigarsa ta manne masa a jiki. Shanu suka ji ƙamshin ruwa suka nufo tabarmi. Na ruga in kashe sola, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo. Dattijon nan ya tsaya a kaina riƙe da sandarsa.

"To Malam, wanga ai ko akuyar ba ta zo ba."

A nan cikin laka Madam ta mayar da layin, ta kunna, ta sa dattijon ya zare wayar har ya gaji, famfo yana tsayawa yana tashi. Alhaji ya ba mu na Tsafe, ya hana mu na Mada. Da za mu sauka a Gusau Madam ta ce ba za ta kore ni ba, amma ba ni ba taɓa kanel, kuma daga yau ni ne mai zare waya a kowane gwaji.

Abin da na koya dai shi ne, in ka ga mai ilimi ya rubuta abu sau biyu, ka tambaye shi kafin ka taya shi tattali. Aikin akuyar kuma har yau ni ke yi, kuma wallahi na ƙware.