Yadda Na Zama Likitan Fure

Ba zan taɓa mantawa ba da ɗanyen aikin da na tafka a bikin Sa'ade, 'yar kawuna, a Indabo. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bar ni ba.

Lokacin ina aji uku a jami'a a Wudil, ina karantar ilimin ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. A satin bikin ne wata malamarmu da ta yi karatu a Indiya ta yi mana lacca a kan wani ɗan itace da mutanen can suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Ana naɗe shi a ganye, a shafa masa farar ƙasa, da an tauna sai yawu ya koma ja jawur. (Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, sai muka raɗa masa goron Indiya.) Ta ce yawan cinsa yana rikita ƙwayoyin halittar da ke zaune a baki, na kirki su ragu, miyagu su samu fili, kuma yana iya jawo ciwon daji. Ta ce garin tabar da mutanenmu suke ƙunsawa a leɓe ma ba baya ba ne wajen wannan ɓarna. Sannan ta haska mana hotuna a bango: jajayen haƙora, farin tabo a cikin kumatu, gyambon da ya ƙi warkewa. Rabin aji suka runtse ido, ni kuwa har miƙewa nake yi don ɗoki. Ji na yi na gamu da aikin da aka haife ni dominsa.

Sabon ilimi kamar sabon takalmi ne, sai an taka shi a gaban mutane ake jin daɗinsa. Daga ranar na daina kallon fuskar mutum, bakinsa nake kallo. Mai shayi, ɗan acaɓa, masu soya kifi a bakin gada, babu wanda ban leƙa ba.

Da wannan zumuɗin na dira gidan biki. Na wuce ciki don in gaida kakata, Inna Yalwa, mahaifiyar babata da Kawu Hudu uban amarya. Tana hango ni ta fara tsokanar da ta saba.

"Lale da mijina, angon da ba ya cefane! Yau ma hannu rabbana ka zo?"

Ta washe baki, ni kuma na daskare. Ja! Haƙora ja, dasashi ja, leɓe ja, kamar hoton bango ne ya sauko ya ɗaura ɗankwali. Gabana ya faɗi, amma (Allah Ya yafe mini) a ƙarƙashin faɗuwar gaban akwai wani daɗi-daɗi da yake tasowa. Ga ni, ɗan aji uku, na gano abin da duk gidan suka kasa ganowa! Na kunna fitilar waya.

"Inna, buɗe bakinki da kyau."

"Yau kuma haƙorana za ka duba, kamar mai tayin saniya a kara?"

"Tun yaushe bakinki yake yin haka?"

"Ai tsohon abu ne, tun ina budurwa."

Na ce a raina shi ke nan, ciwo ya daɗe yana ci. Ko kusa bai zo mini in tambaye ta abin da ta sa a baki ba. Na fita da sauri na samu Kawu Hudu a ƙofar gida yana sallamar 'yan ɗaurin aure, na ja shi gefe.

"Kawu, kada ka gaya wa kowa. Ina jin Inna ciwon daji ne da ita a baki, kuma ya yi nisa."

Ni a ganina raɗa na yi. Ashe wata gwaggonmu tana bayan danga tana kwashe shinkafa. Kafin in rufe baki salati ya tashi a cikin gida. Masu kiɗan ƙwarya suka ɗauke hannu, amarya ta fashe da kuka har kwalliya ta dame, wani ya ruga neman mota. Ni kuwa ina tsakar gida, mata sun kewaye ni, ina ta zuba bayanin ƙwayoyin cuta, har da ɗaga yatsa irin na malamarmu.

Sai ga Inna ta fito daga ɗaki, ƙawayenta tsofaffi suna biye da ita.

"Wa ya ce zan mutu?"

Duk yatsun gidan suka nuno ni. Ta kwance haɓar zaninta a hankali, ta fito da ɓarin goro da wasu 'yan furanni.

"Wannan ne dajin naka?" Ta juya ga ƙawayenta. "Ku nuna masa naku."

Tsofaffin nan suka jera suka washe mini baki gaba ɗaya, kowacce ja jawur.

"Fure ne, ɗan nan, furen taba. Da shi muke goge haƙora mu bi da goro, adonmu ne tun kafin a san jan-bakin kanti. Jikata ake aurarwa, ba zan yi kwalliya ba? Jama'a ku gane mini mijin nan, so yake ya binne ni ya auro 'yar jami'a!"

Gidan ya ɗauki shewa, wata har da guɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga fitilar wayata har lokacin tana kunne a hannuna. Duk cikinsu babu wanda ya kai Kawu Hudu dariya. Ya dafa kafaɗata, ya riƙe ciki, yana cewa, "Likitan Fure! Wallahi ka ci sunan, Likitan Fure!"

Bakinsa a wangale yake dab da fuskata, hasken wayar ya faɗa ciki. A cikin leɓensa na ƙasa, daidai inda yake ƙunsa garin tabarsa, na ga wani farin tabo da ɗan gyambo a tsakiya. Wannan karon ban ji daɗin komai ba.

To, wa zan gaya wa? Wa zai saurari mutumin da aka gama yi wa guɗa yanzun nan? Na sulale na fice, har na kai bakin titi zan tari motar Wudil. Na tsaya, mota ta zo ta wuce, na kasa ɗaga hannu. Bayan la'asar na koma, na samu Inna ita kaɗai a ɗaki.

"Ka dawo ka ƙarasa ni?"

Na durƙusa. "Inna, ki yi mini dariya har baɗi, na yarda. Amma don Allah ki tambayi Kawu tun yaushe yake da ciwo a leɓe."

Ta dube ni, murmushin ya ɗauke. "Tun damina ya daina cin yaji," in ji ta a hankali. "Na ɗauka basir ne."

Ta aika aka kira shi. Yana jin zancen ya sake kecewa da dariya, ya ce zafi ne kawai, kuma shi ba zai biye wa Likitan Fure ba.

"Hudu, ni na haife ka ko kai ka haife ni? Ranar Litinin za ka bi shi asibiti. In ƙarya ce mu dawo mu ƙara yi masa dariya, ai ba ƙarewa take yi ba."

Daga asibitin Wudil aka tura mu Kano, aka yanki ɗan nama aka auna. Likita ya ce abin ne, amma farkonsa ne, bai bazu ba. Aka yi aiki, leɓen ya ɗan karkace, Kawu ya yi sallama da taba. (Da na kai wa Inna saƙon likita cewa furen ma ɗan gidan taba ne, sai ta ce to, ta bar shi, amma in shirya sayo mata jan-baki tunda ni ne mijin.)

Abin da na koya biyu ne. Kafin ka haska bakin mutum, fara tambayarsa me ya ci. Sannan kunya ba ta kisa, na gwada ta a gaban gari guda na tashi lafiya lau, shirun da na kusa yi ne da ya yi kisa.

Sunan dai ya bi ni. Har yau, ko a tsakiyar kasuwa Kawu Hudu ya hango ni, da karkataccen leɓen nan nasa zai ƙwala mini kira, "Likitan Fure!" Ni kuma nakan amsa da ƙarfi kowa ya ji, don na san saura ƙiris da babu bakin da zai kira.